Claude Dornier, injiniyan jiragen sama da sunansa ya kai har Kaduna

A ranar 5 ga watan Disamban shekarar 1969 ne Claude Dornier ya rasu a garin Zug na ƙasar Suwizalan, yana da shekaru 85 da haihuwa. Ya shafe fiye da rabin ƙarni a sana'ar ƙera jiragen sama, ya kuma yi wannan aiki a ƙarƙashin gwamnatoci iri huɗu da suka mulki Jamus: daular sarki, da jamhuriyar Weimar, da mulkin 'yan Nazi, sannan Tarayyar Jamus ta Yamma. Jiragen da suka fito daga masana'antunsa sun kai wasiƙu daga Afirka ta Yamma zuwa Birazil, sun tsamo mutane daga teku, sun kuma yi ruwan bama-bamai a kan birane. A Najeriya, jirage masu ɗauke da sunansa na cikin waɗanda rundunar mayaƙan sama ta fara aiki da su a Kaduna. Tarihinsa tarihi ne na gwanintar aiki, amma kuma yana ɗauke da tambayar da ke bin duk wani injiniya da ya dogara da kwangilar soja: wa yake biyan kuɗin aikin, kuma me za a yi da abin da aka ƙera?

Asali da karatu

An haifi Claude Honoré Désiré Dornier a ranar 14 ga watan Mayun shekarar 1884 a garin Kempten da ke jihar Bavariya a kudancin Jamus. Mahaifinsa Bafaranshe ne, mahaifiyarsa kuma Bajamushiya. Saboda haka ya tashi da takardar zama ɗan ƙasar Faransa alhali yana zaune a Jamus, a zamanin da ƙasashen biyu ke zaman doya da manja tun bayan yaƙin da suka gwabza a 1870 zuwa 1871. Sai a shekarar 1913 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a Jamus.

Ya yi karatun injiniyan ƙere-ƙere a babbar makarantar fasaha ta birnin Munich, inda ya kammala a 1907. A wancan lokaci jirgin sama bai wuce abin kallo ba. Shekaru huɗu ke nan kacal da 'yan uwan nan biyu na gidan Wright suka tashi da jirginsu na katako da ƙyalle a Amurka, a watan Disamban 1903. Aikin da Dornier ya fara samu ba shi da wata dangantaka da sararin samaniya. A wani kamfanin ƙere-ƙere da ke birnin Karlsruhe aka ɗauke shi, yana lissafin nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe ko ya karye. Aiki ne na zaman tebur da alƙalami, marar ɗaukar ido, amma shi ne ya zama jarinsa. Duk abin da ya yi suna a kansa daga baya ya samo tushe ne daga wannan lissafi: yaya za a rage nauyin abu ba tare da an rage masa ƙarfi ba.

A ƙarƙashin basarake Zeppelin

A shekarar 1910 Dornier ya koma garin Friedrichshafen da ke bakin tafkin Bodensee, tafkin da Jamus da Suwizalan da Ostiriya suka haɗa iyaka a kansa. A nan ne basarake Ferdinand von Zeppelin, wanda tsohon janar ne na soja, yake ƙera manyan jiragen nan masu kama da balan-balan, waɗanda ake cika su da iskar gas mai sauƙin nauyi domin su tashi. Jirginsa na farko ya tashi a kan tafkin a watan Yulin 1900. Bayan da wani jirgin nasa ya ƙone a 1908, jama'ar Jamus sun tara masa gudunmawar kuɗi fiye da mark miliyan 6, da su ne aka kafa kamfanin da Dornier ya zo ya samu aiki a ciki.

Ba a daɗe ba basaraken ya lura da sabon ma'aikacin nasa. Dornier ya tsara wata rumfar ajiye jirage da ake iya juya ta domin ta fuskanci inda iska ke kaɗawa, abin da ke sauƙaƙa shigar da jirgi da fitar da shi. Ya kuma gudanar da gwaje-gwaje a kan siraran sandunan ƙarfe, yana auna irin siffar da ta fi jure nauyi. A 1913 Zeppelin ya jawo shi kusa ya mai da shi mai ba shi shawara kan al'amuran kimiyya.

Ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya a 1914 ta sauya alƙiblar aikin. Aka ba Dornier sashe nasa na kansa a wani wuri da ake kira Seemoos, a bakin tafkin, tare da umarnin ya ƙera wa rundunar mayaƙan ruwa manyan jiragen sama masu sauka a kan ruwa. A lokacin kusan kowa da katako da waya da ƙyalle yake haɗa jirgi. Shi kuwa Dornier ya zaɓi baƙin ƙarfe da duralumin, wato alminiyam da aka gauraya da ɗan jan ƙarfe domin ya yi tauri. Jirginsa na farko, Rs I, mai faɗin fukafukai fiye da mita 43, guguwa ta ragargaza shi a kan tafkin a watan Disamban 1915 tun bai taɓa tashi ba. Bai karaya ba, ya bi shi da wasu guda uku kafin ƙarshen yaƙin. A 1918 kuma ya fito da ƙaramin jirgin yaƙi, D.I, wanda fatarsa ta ƙarfe take taimakawa wajen ɗaukar nauyin jirgin, maimakon ta zama sutura kawai a kan ƙashi. Wannan dabara ita ce daga baya ta zama ruwan dare a sana'ar. Ba shi kaɗai ne ya bi hanyar ƙarfe ba, domin Hugo Junkers ma ya tashi jirginsa na ƙarfe tun a 1915, kuma mutanen biyu ne ake dangantawa da share wannan fage a Jamus.

Takunkumin Versailles da jirgin Wal

Jamus ta sha kaye a 1918, kuma yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta mata mallakar jiragen saman yaƙi, aka kuma ƙayyade girma da ƙarfin jiragen farar hula da za ta iya ƙerawa. Dornier yana da wani sabon jirgin fasinja mai sauka a kan ruwa, Gs I, wanda ƙasashen ƙawance suka nemi a miƙa musu. A watan Afrilun 1920 aka nutsar da shi da gangan a teku kusa da birnin Kiel domin kada ya faɗa hannunsu.

A nan ne ya ɓullo da dabarar da zai riƙa komawa gare ta duk lokacin da aka rufe masa ƙofa a gida: zane da lissafi a Jamus, ƙira kuma a ƙetare. Aka buɗe masana'anta a Marina di Pisa ta ƙasar Italiya, inda a watan Nuwamban 1922 jirgin da ya fi ɗaukaka sunansa ya tashi karon farko. An raɗa masa suna Wal, wato sunan dabbar nan mafi girma a teku. Gangar jikinsa kamar kwale-kwale take, da wasu gajerun fukafukai biyu a gefenta da ke hana shi kifewa a kan ruwa. Injuna biyu ne a samansa, sun ba juna baya, farfelar gaba tana ja, ta baya tana turawa, ta yadda ko inji ɗaya ya mutu jirgin ba zai karkace ba. Sojojin Sipaniya ne suka fara sayensa, daga bisani aka riƙa ƙera shi da izini a Sipaniya da Holan da Japan. Jimillar waɗanda aka ƙera ta haura 250.

A shekarar 1925, wato shekarar da jiragen sama suka fara sauka a Kano bayan doguwar tafiya daga Masar, mai binciken nan ɗan ƙasar Norway Roald Amundsen ya nufi ƙuryar arewacin duniya da jiragen Wal guda biyu. Sun yi saukar dole a kan ƙanƙara kafin su kai, suka shafe fiye da makonni uku suna share filin tashi da hannu, sannan dukkan mutanen shida suka dawo da ransu a cikin jirgi ɗaya. A farkon 1926 matuƙi Ramón Franco ya tashi da wani Wal ɗin daga Sipaniya har birnin Buenos Aires na Ajantina. A ƙarshen wannan shekarar kuma matuƙi Walter Mittelholzer ɗan Suwizalan ya ɗauki wani jirgin Dornier samfurin Merkur daga Zurich, ya ratsa nahiyar Afirka ta kan kogin Nilu, ya isa Cape Town a watan Fabrairun 1927.

Afirka ta Yamma ma ta ga wannan jirgi. Daga watan Fabrairun 1934 kamfanin Lufthansa ya fara jigilar wasiƙu a kai a kai tsakanin Jamus da Kudancin Amurka, kuma garin Bathurst na Gambiya, wato Banjul ta yanzu, shi ne zango na ƙarshe kafin tsallaka tekun Atlantika zuwa Natal a Birazil. Da yake man da jirgin ke iya ɗauka bai wadatar ba, sai aka girke wani jirgin ruwa mai suna Westfalen a tsakiyar teku. Wal ya sauka kusa da shi, a ɗaga shi da ƙugiya, a zuba masa mai, sannan wata na'ura ta cilla shi sama ya ci gaba da tafiya. Wasiƙar da a da take shafe makonni a jirgin ruwa ta koma isa cikin 'yan kwanaki.

Do X, babban buri da ya zo a mugun lokaci

Nasarar Wal ta ba Dornier ƙarfin gwiwar tunkarar aikin da ya daɗe yana mafarki: jirgin da zai kwashi fasinjoji da yawa ya tsallaka teku da su cikin jin daɗi, kamar yadda manyan jiragen ruwa ke yi. Ma'aikatar sufuri ta Jamus ce ta ba da kuɗin, amma saboda takunkumin da ke kan ƙasar, a Altenrhein aka ƙera shi, a ɓangaren Suwizalan na tafkin Bodensee. Jirgin, mai suna Do X, ya tashi karon farko a ranar 12 ga watan Yulin 1929. Tsawonsa mita 40, faɗin fukafukansa mita 48, injunansa 12, nauyinsa da kaya ya haura tan 50. Babu jirgin sama mai fukafukai da ya kai shi girma a duniya a lokacin. A ranar 21 ga watan Oktoban wannan shekarar ya yi shawagi a kan tafkin ɗauke da mutane 169, adadin da aka shafe kimanin shekaru 20 ba a wuce shi ba.

Sai dai 'yan kwanaki bayan wannan bajinta kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe, duniya ta shiga matsin tattalin arziki. Kazalika jirgin kansa yana da nasa rauni. Injunan wancan zamani ba su da ƙarfin da ya dace da nauyinsa, yana shan mai ƙwarai, kuma da kyar yake kai tsayin mita 500. Tafiyar da aka shirya domin tallata shi ta zama doguwar wahala. Ya bar Jamus a farkon watan Nuwamban 1930, wuta ta cinye masa wani sashe na fiffike a Lisbon, ya sake samun lahani a tsibiran Kanari, ya bi ta Bolama a ƙasar da ake kira Gini Bisau a yau, ya tsallaka zuwa Birazil, bai isa New York ba sai ranar 27 ga watan Agustan 1931. Jama'a sun yi dafifi suna kallo a duk inda ya sauka, amma masu saye ba su zo ba. Guda uku kawai aka ƙera, biyu daga ciki Italiya ce ta karɓa. Na farkon ya ƙare a gidan adana kayan tarihi na Berlin, inda wani harin bama-bamai ya lalata shi a 1943.

Darasin da ke cikin wannan a bayyane yake. Fasinjoji da wasiƙu ba su isa su ciyar da masana'antar jirage a wancan zamani ba. Mai sayen da ke da kuɗi da yawa kuma yake saye babu ƙaƙƙautawa shi ne soja. A 1932 Dornier ya sayi hannayen jarin da suka rage a hannun kamfanin Zeppelin, ya zama shi ne mai kamfaninsa. Ba a cika shekara guda ba Adolf Hitler ya hau mulki.

Zamanin 'yan Nazi

Gwamnatin Hitler ta shiga gina rundunar mayaƙan sama, da farko a ɓoye, daga 1935 kuma a fili. Kwangiloli suka riƙa kwararowa, kamfanin Dornier ya bunƙasa, ya buɗe rassa a yankin Munich da kuma Wismar a arewacin ƙasar. A watan Nuwamban 1934 jirgin Do 17 ya tashi karon farko. An gabatar da shi a matsayin jirgin kai wasiƙu mai sauri, amma jirgin jefa bama-bamai ya zama. Saboda sirantakar jikinsa aka yi masa laƙabi da fensir mai tashi. Yana cikin jiragen da Jamus ta aika domin taimaka wa Janar Francisco Franco a yaƙin basasar Sipaniya, kuma yana cikin waɗanda suka kai hari a garin Gernika ranar 26 ga watan Afrilun 1937, harin da ya hallaka fararen hula ya kuma girgiza duniya. An yi amfani da shi a mamayar Poland a 1939 da kuma hare-haren da aka kai wa Ingila a 1940. An ƙera kimanin 2,000, sannan magajinsa Do 217 ya biyo baya.

Wani jirgin nasa na wannan zamani, Do 24, yana nuna yadda abu ɗaya kan yi aiki iri biyu. An tsara shi ne domin mayaƙan ruwan Holan, waɗanda suka yi amfani da shi a yankin da ya zama Indonesiya wajen yaƙar Japan. A hannu guda kuma Jamusawa sun mai da shi jirgin ceto, yana sauka a kan teku yana tsamo matuƙa da ma'aikatan jiragen ruwa. Kusa da ƙarshen yaƙin kamfanin ya fito da Do 335, mai laƙabin kibiya, da farfela ɗaya a hanci ɗaya a wutsiya, wato tsohuwar dabarar ja da turawa ta jirgin Wal a sabuwar siffa. Ya tashi a watan Oktoban 1943, gudunsa ya haura kilomita 700 a sa'a guda, amma yaƙin ya ƙare kafin ya yi wani tasiri.

Shi kansa Dornier ya shiga jam'iyyar Nazi a 1940, gwamnati kuma ta ba shi muƙamin da take bai wa shugabannin masana'antun da yaƙi ya dogara a kansu. Abin da ya fi muni a wannan babi shi ne batun ma'aikata. Kamar sauran manyan kamfanonin makamai na Jamus, masana'antun Dornier sun yi amfani da mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye domin aikin tilas, da fursunonin yaƙi, da kuma waɗanda ake tsare da su a rassan sansanin gwale-gwale na Dachau. Bayan mummunan harin da jiragen Birtaniya suka kai wa Friedrichshafen a ƙarshen watan Afrilun 1944, hukumomi sun ba da umarnin haƙa ramuka a cikin dutse a garin Überlingen domin ɓoye masana'antun garin, har da na Dornier. Fursunoni kimanin 800 aka sa wannan aiki, kuma da yawa daga cikinsu sun mutu saboda yunwa da cuta da azaba. Duk wanda zai auna rayuwar wannan injiniya tilas ne ya ɗora waɗannan mutane a kan sikeli tare da jiragen da suka tsallaka teku.

Daga injin saƙa zuwa sabon jirgi

A 1945 Jamus ta sake shan kaye. Masana'antun Dornier sun zama kufai, abin da ya rage na injuna an kwance an tafi da shi, an kuma haramta wa Jamusawa ƙera jirgin sama kowane iri. Dornier, wanda ya haura shekaru 60, ya koma Suwizalan da zama. Domin kada ƙwararrun ma'aikatansa su watse, reshen kamfanin da ke Lindau ya juya ga ƙera injunan saƙa tun daga 1950. Wannan reshe ya bunƙasa ya zama kamfani mai cin gashin kansa, wanda ya yi suna a masaƙun duniya.

Dangane da jirage kuwa, tsohuwar dabara aka sake ɗaukowa. A farkon shekarun 1950 aka buɗe ofishin zane a birnin Madrid a ƙarƙashin babban ɗansa Claudius, inda aka tsara ƙaramin jirgi domin sojojin Sipaniya. Da aka ɗage takunkumin a 1955, aikin ya dawo gida a shirye. Sakamakonsa shi ne Do 27, jirgi mai inji ɗaya da ke iya tashi da sauka a ɗan gajeren fili marar kwalta. Shi ne jirgi na farko da aka ƙera da yawa a Jamus bayan yaƙin, fiye da guda 600, kuma mafi yawansu sabuwar rundunar sojan Jamus ta Yamma ce ta saya. A Afirka an san shi ta hanyar masanin dabbobi Bernhard Grzimek da ɗansa Michael, waɗanda suka yi wa nasu fenti irin na jakin dawa suka ƙidaya namun dajin Serengeti da shi daga sama. A cikinsa ne Michael ya rasu a watan Janairun 1959, bayan da jirgin ya yi karo da ungulu.

A shekarar 1962 Dornier ya yi ritaya ya miƙa ragamar kamfanin ga 'ya'yansa. A 1966 ya wallafa littafin tunawa da shekarun da ya shafe a aikin injiniya. Ya kuma rayu har ya ga tashin Do 31 a 1967, jirgin dakon kaya na gwaji da ke iya tashi tsaye ba tare da gudu a kan titi ba. Mutumin da ya fara aiki a zamanin jiragen katako da ƙyalle ya rasu ne watanni ƙalilan bayan ɗan Adam ya taka duniyar wata.

Yadda sunan ya iso Kaduna

A daidai lokacin da Dornier ke ajiye aiki ne Najeriya, wadda ta samu 'yancin kai a 1960, take shirin kafa rundunar mayaƙan sama. Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin tsara rundunar, ta aiko da tawagar masu ba da horo a 1963, aka kuma kafa rundunar bisa doka a watan Afrilun 1964. Kwamandanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kafin George Kurubo ya zama ɗan Najeriya na farko da ya jagorance ta a 1966. Kaduna ce cibiyar horon, kuma Do 27 yana cikin jiragen farko da aka kawo. A wannan shekara ta 1964 ce aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tare da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus, aka kuma kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Dangantakar ta ɗore bayan rasuwarsa. Jirgin Alpha Jet, wanda kamfanin Dornier da Dassault na Faransa suka haɗa hannu suka ƙera, ya tashi karon farko a 1973. Najeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980, ta yi aiki da su a ƙarƙashin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo, daga baya kuma a yaƙi da Boko Haram. Rundunar ta kuma yi amfani da jiragen jigila samfurin Do 128 da Do 228. A 1979 aka kafa kamfanin AIEP a Kaduna, wanda daga baya ya ɗauki sunan Dornier Aviation Nigeria. Shi ne ya harhaɗa jiragen koyon tuƙi guda 60 masu suna Air Beetle a shekarun 1990, bisa tsarin wani ƙaramin jirgi na Amurka.

Abin da ya bari

Kamfanin da ya kafa bai daɗe a hannun iyalinsa ba. Saɓani tsakanin magada ya kai ga sayar da kaso mafi yawa ga Daimler-Benz a 1985. Sashen ƙera jirage ya koma hannun kamfanin Fairchild na Amurka a 1996, ya kuma durƙushe a 2002. Amma ilimin da aka tara bai tafi da shi ba. Sashen da aka buɗe a 1962 domin ayyukan sararin samaniya ya shiga ƙera taurarin ɗan Adam. Binciken da injiniyoyin kamfanin suka yi kan yadda girgiza mai ƙarfi ke lahanta jikin jirgi mai tsananin gudu shi ne ya haifar da na'urar farfasa tsakuwar ƙoda ba tare da tiyata ba, wadda aka fara gwadawa a jikin majiyyaci a Munich a watan Fabrairun 1980. Indiya kuma ta sayi izinin ƙera Do 228 a cikin gida tun a shekarun 1980. A 2009 aka buɗe gidan tarihi na Dornier a Friedrichshafen.

Sau biyu aka rufe masana'antunsa, sau biyu kuma ya farfaɗo, saboda abin da ya mallaka na gaskiya yana cikin kawunan mutanen da suka iya lissafi da zane. Wannan batu ne da ya shafi Najeriya kai tsaye, domin sayen jirgi daban, iya tsara shi daban. Cibiyar fasaha ta rundunar mayaƙan sama da ke Kaduna ta fito da jirgi marar matuƙi Gulma a 2013, injiniyoyin rundunar kuma suka fito da Tsaigumi a 2018. Ɗalibin da ya tashi a Likoro ko Kudan ko Makarfi ko Ikara yana da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejin jiragen sama ta Zariya kusa da gida, ga kuma wannan cibiya a Kaduna. Idan ya zaɓi wannan sana'a, zai tarar da abubuwa biyun da Dornier ya tarar: lissafin da ba ya yafe kuskure, da kuma mai ba da kwangila wanda sau da yawa soja ne. Na farkon ana koyar da shi a aji. Na biyun kuwa hukunci ne da kowane injiniya zai yanke wa kansa, kuma tarihi yakan dawo ya tambaye shi.